Ganyen Kawu Danladi a Tukunyar Fate

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Danladi a Kafanchan ya san ba a ba baƙo kujera. Katako ne biyu-biyu, an cusa tsofaffin jaridu a tsakani, ganyaye da furanni kwance a ciki. Kafin ka gama gaisuwa ya auna ka da ido, ya nuna maka wanda za ka hau. Ni 'yar ƙanwarsa da nake kamar tsinke, bai taɓa bari na zauna ba.

"Ke Ladi, tsaya kawai. Zamanki asara ne."

Tun da ya yi ritaya daga koyarwa aikinsa ke nan: ya tono tsiro da saiwarsa, ya danne shi har ya bushe, ya manna a kwali, ya rubuta sunansa da yarenmu. Abin da yake nema ido rufe kuwa wani ganye ne da mahaifiyarsa take sakawa a faten acca. Tun da maganin feshi ya shigo gonaki ganyen ya ɓace, shi kuma ya rantse ba zai mutu ba sai ya adana ko guda, don jikoki su gani.

Wata rana wani ɗan takarar kansila mai tumbi ya zo neman ƙuri'a. Kawu ya ɗora shi kan katako, ya yi ta jan shi da tambaya, mutumin yana ta zuba alkawari, daga rijiya har gada. Da ya tafi na ce, "Kawu, shi za ka zaɓa?"

"Allah ya sawwaƙe! Amma kar a ci hakkinsa, yana da amfani. Dubi yadda yakuwan nan ya kwanta!"

Coci ma bai tsira ba. Wata Lahadi Fasto ya ɗaga babban Littafi Mai Tsarki, sai ga busassun furanni suna zubowa kan bagade. Bayan sujada ya tare Kawu rai a ɓace.

"Baba, a cikin Maganar Allah?"

"Fasto, a Littafin Firistoci na saka fa. Tun da ka zo ban ji ka buɗe wurin ba, na ga yana zaman banza."

To, wata damina, a bakin wani rafi wajen Gwantu, Kawu ya samu ganyen nan! Ya dawo da dami guda yana rawar jiki. Kun san damshin garin nan, komai sai ya yi funfuna, don haka ya shanya shi saman murhu, ya fita neman jarida. Matarsa Mama Rifkatu ta shigo, ta ga ganye a kicin ɗinta, ga fate a wuta. Me kuke tsammani?

Da rana muna cin abinci, Kawu ya kai loma ɗaya ya tsaya cak. Sai hawaye. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, har na tsorata.

"Rifkatu, faten Inna ne wannan. Me kin saka?"

"Wannan ciyawa da ka rataya mana."

"Duka?"

"Har saiwan na jefa wa akuya."

Muka yi tsuru-tsuru, muna jiran gidan ya kama da wuta. Sai kawai ya miƙa mata kwanon.

"Ƙara mini. Ladi, ci a hankali, ki riƙe shi a bakinki. Wannan kam ba zan iya manna miki a kwali ba."

Da ya koma rafin, an riga an yi feshi an shuka citta. Bai sake ganin ganyen ba har ya rasu. Yanzu Mama ma ta bi shi, ni kaɗai na rage da na san ɗanɗanon, kuma na rasa yadda zan kwatanta wa yarana. Abin yana damuna ƙwarai.

Ubangiji ya ba Kawu hutawa a wurinsa, ya sada shi da Innarsa.