Makon da Iya Ta Daina Shan Ruwa

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma ban ga ranar da zai kwashe makon da na sayar da gidan tsofaffi na mahaifinmu ba.

A Jidda aka haife ni, a nan kuma na tsufa. Gidan da nake magana yana wani ɗan ƙaramin gari ne kudu da birni, inda daga masallaci sai kantuna kaɗan da garken awaki. Mahaifinmu ne ya gina shi, ɗakuna a jere da tsakar gida, don tsofaffin mata 'yan ƙasarmu da suka zo hajji tun da daɗewa, mazansu suka rasu, ba ɗa ba jika. Shi yake ciyar da su har ya koma ga Allah. Da yake ni ne babba, nauyin ya dawo kaina.

Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta rasuwa, har ya rage saura mace ɗaya da muke kira Iya. Makauniya ce, ita ta goye ni ina jariri. Matar da ke kula da ita ta koma wajen 'ya'yanta a Madina, muka nemi wata muka rasa, don ba mai son zaman ƙauye. Rufin ya tsattsage, asibiti kuma da nisa. Na zauna da ƙannena muka yanke shawarar a sayar, Iya ta dawo wurina. Har gobe ina nan a kan cewa shawarar daidai ce. Inda na kauce shi ne yadda na bi da ita.

Mai sayen wani Balarabe ne ɗan garin, mai sayar da abincin dabbobi, sito yake nema. Ranar da ya zo auna fili, Iya na zaune a kan tabarma tana jan carbi. Na yi masa alama da yatsa ya rage murya, muka yi cinikinmu da Larabci ƙasa-ƙasa. Bayan an sa hannu a takardu na ce wa Iya ta shirya mu je Jidda likita ya duba ta, ta ɗan huta kwana biyu. Ta ce to. Ba ta tambaye ni komai ba, butarta kawai ta ce a ɗauko.

Na kai ta gidana a unguwar Ammariyya, hawa na uku. Na ba ta ɗakin da ya fi kowanne, da katifa sabuwa da na'urar sanyi. A raina ina ta yabon kaina, na fitar da tsohuwa daga kango na kawo ta cikin daɗi.

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce mini Iya tana ɗan taɓa abinci, amma ruwa da shayi yadda aka ajiye haka ake ɗaukewa. In an yi mata magana sai ta ce ba ta jin ƙishi. Wanda ya san zafin Jidda ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kafin mu ankara leɓɓanta sun bushe, muryarta ta shige ciki. Likita ya ce in ta ci gaba a haka ƙodarta za ta taɓu, sai an kwantar da ita.

Ni na ɗauka fushi take yi da mu. Na shiga ɗakin da kofi a hannu, na ce mata abin ya isa haka, me aka rage ta da shi a gidan nan?

Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Ɗan nan, in na sha wa zai kai ni bayi?"

Na ce ga maiɗakina nan, kira ɗaya za ta yi.

"Ni da na wanke maka kashi, yau in riƙa kiran matarka ta ja ni kamar akuya? A can igiyata ke kai ni."

Sai a lokacin na gane. Akwai wata igiya a tsakar gidan can, daga bakin ƙofarta zuwa bayi, daga bayi zuwa wurin da take salla. Shekara da shekaru ina wucewa ta ƙarƙashinta, na ɗauka ta shanya ce. Ashe da ita Iya take yin komai nata ba tare da ta nemi hannun kowa ba.

Na ajiye kofin na zauna a ƙasa. Na gaya mata gaskiya, cewa babu komawa, gida na sayar. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ido na rasa, ba kunne ba. Tun ba a haife ka ba nake jin Larabci. Har tarin da mutumin yake yi in ya faɗi ƙarya a kan rufin na ji." Ta ce ba ta ƙi a sayar ba, ta fi ni sanin gidan ya gaji. Jira take in buɗe baki in gaya mata kamar mutum, ni kuwa na ɗauko ta kamar buhu.

Washegari na tafi wurin Balaraben. Na same shi a kanti ana sauke buhunan sha'ir, na kwashe labari na gaya masa ban rage ba. Ya dube ni ya ce ya ga mutanen da suka sayar da gida da ƙofofi da tagogi, amma bai taɓa ganin wanda ya sayar da na uwarsa bai gaya mata ba. Ya sha dariyarsa, ni ma ban musa ba. Daga nan ya ciro makulli ya miƙo mini ya ce halas, wato shi ke nan, buhunansa ba sa sauri, in riƙe har bayan ƙaramar salla.

Da na gaya wa Iya za mu koma, a cikin mota ta karɓi gorar ruwa ta sha, muna tafe tana ƙara kurɓa.

Ta yi azuminta a can, maiɗakina na tare da ita. Matan garin suka riƙa shigowa sallama, ta raba musu tukwanenta da kajinta da hannunta. Ta aike ni maƙabarta in yi wa abokan zamanta addu'a, tana kiran sunayensu ina maimaitawa don kada in tsallake wata. Ni kuma na bar gidan hawa, na samo mana na ƙasa a unguwar Khumra mai ɗan tsakar gida. Ranar da muka tare, Iya ce ta tsaya a kaina tana nuna mini inda zan kafa kowace ƙusa ta sabuwar igiyarta, tana cewa na yi sama da yawa, ita ba raƙumi ba ce. A gidan ta yi sauran shekarunta, kuma ba ta nemi a riƙe mata hannu ba sai a ciwon ajali.

Abin da na koya shi ne, kyakkyawar niyya ba ta ba ni izinin yanke wa tsoho hukunci a bayan idonsa ba. Shi ya sa na tara 'ya'yana na ce musu, ranar da zamana a wani wuri ya gagara, su yi abin da ya dace, ba zan ja da su ba. Amma su zauna a gabana su gaya mini tukuna.