Baba Zauna da Tafiyar Husna Tsibiri

A Faru, idan ka tambayi gidan Ɗanasabe, sai an ɗan yi tunani kafin a ba ka amsa. Amma ka ce Baba Zauna, kowa zai nuna maka hanyar gulbi. Kawuna ne, wan mahaifiyata. Ya haura shekara saba'in, kuma fiye da arba'in daga cikinsu ya yi su ne yana fito, yana ƙetarar da mutane gulbi a kwalekwale idan damina ta yi nisa. Da rani kuma ya koma noman albasa a fadama.

A jirginsa ya samo sunan. Mutum bakwai yake ɗauka, ko da an kai talatin a bakin ruwa ranar kasuwa ana roƙonsa. Kuma babu mai miƙewa tsaye. Ko dattijo ne ya motsa don ya gyara babbar riga, sai ka ji murya daga baya: "Zauna!" Na taɓa ganin ya mayar da wani ango gaɓar da ya ɗauko shi, don kawai ya tashi zai ɗauki hoto. Maza na yi masa tsegumi, amma mata masu goyo shi suke jira, ko da ga wani jirgin babu kowa.

Kowa ya san a samartakarsa ya bi fataken shanu zuwa kudu, har ya shiga babban jirgin ruwa ya je wani tsibiri can gaba da Kalaba. An kuma san su biyu suka tafi, shi da abokinsa Bappa, wani Bafulatani na rugar bayan gari, amma shi kaɗai ya dawo. Abin da ya faru a can kuwa, ko mahaifiyata ba ta sani ba.

Husna ita ce autarsa. Nas ce a Talata Mafara, kuma taubashiyata ce, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Mijinta, Malam Zaharaddini, malamin gona ne. A daminar bara wurin aikinsa suka tura shi taron mako guda a tsibirin Zanzibar, shi kuma ya ƙara kwana uku na hutu, ya ce da matarsa za shi, ta ga teku. Ya zo Faru ya durƙusa a zaure ya shaida wa Kawu. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "To." Ya ɗauki filafilinsa na tuƙa jirgi ya nufi gulbi. Bai ce a tafi ba, bai ce kada a tafi ba, bai kuma sa albarka ba.

Ranar Alhamis za su tashi. Ranar Asabar ɗin da ta gabace ta Husna ta kira ni.

"Sadi, ɗauko wannan akwalar babur ɗin taka ka kai ni Faru."

Na ce, "Akwalar ce za ta ɗauki mai zuwa ƙasar waje?"

Ta ce, "Wace ƙasar waje? Wallahi in Baba bai buɗe baki ya ce in sauka lafiya ba, ba inda za ni. Fasfo ɗin ya yi ta kwana a akwati." Muryarta babu wasa a ciki, sai na bar tsokanar.

Muka bari rana ta ɗaga, motoci suka fara bin hanya, sannan muka kama. Mun tarar da shi a bakin gulbi ya kife jirgin, yana cusa auduga a wata ɓaraka yana bin ta da kwalta. Muka durƙusa.

"Baba, kun tashi lahiya? Ina gajiya? Ya ruwa?"

"Lahiya lau, Auta. Ya mai gidan naki? Ya masu jinya? Kun baro Mafara lahiya? Sadi, ya uwar taka da ƙahwar tata?"

Aka yi ta gaisuwa har ta ƙare, babu sauran abin tambaya. Husna ta zauna a kan wani kututture tana murza bakin hijabinta.

"Baba, maganar tahiyar nan ce."

"Mijinki ya hwaɗa mini."

"Ba ka ce komai ba."

"Na ce to."

"Baba, irin wannan to ɗin ka ce wa mai son sayen gonarka ta fadama, yau shekara shida yana jira."

Na sunkuyar da kai don kada ya ga ina dariya. Shi ma sai da gefen bakinsa ya motsa.

Ta ce, "In don hatsari ne, hanyar da muka biyo yanzu ta fi tekun nan ban tsoro, kuma kullum muna bin ta."

Ya ce, "Hanyar nan kin san ta. Kin san inda ake sauri, kin san lokacin da ba a bi. Wancan ruwan ba ki san shi ba. Ni ma da na tahi, cewa nike na san ruwa."

Ya ajiye gwangwanin kwaltar, ya goge hannu a wandonsa. Ni dai ban motsa ba, don ban taɓa jin ya ɗauko zancen nan da bakinsa ba.

Ya ce watansu huɗu a tsibirin suna kula da shanun wani mahauci. Wata Juma'a da hantsi suka sami hutu, suka tafi bakin teku su yi wanka. Da suka isa sai suka ga ruwa ya janye can nesa, ya bar fili mai yashi da duwatsu, mata na ta tsintar wasu abubuwa suna zubawa a kwanduna. A tsakiyar filin akwai wani faffaɗan dutse. Bappa ya ce ga wurin shanya, su wanke rigunansu su baza a kai kafin lokacin masallaci.

"Muna cikin tahiya sai wata mata ta tare mu. Tsohuwa ce, da kwando a ka. Tana ta magana da yarensu, tana nuna ruwa, tana nuna bayanmu. Har hannun rigata ta kama. Auta, kin san mi munka yi?"

Husna ta girgiza kai.

"Sama munka duba. Mu nan, in kana son ka san ko gulbi zai kawo ruwa, gabas kake dubawa. In babu hadari, in ba a yi ruwa a sama da mu ba, ko cikin gulbin ka shimfiɗa tabarma ka kwanta. Munka duba, garau, ko ɗigon girgije babu. Bappa ya ce, ƙyale ta, tsoro take kada mu tsince mata abincinta. Munka yi dariya munka wuce."

Sun yi wanki, sun baza riguna, iska mai daɗi na kaɗawa, barci ya ɗauke su. Sanyin ruwa a ƙafa ne ya tashe shi. Ko da ya duba, tsakaninsu da tudu duk ya zama ruwa, matan nan babu ko ɗaya, sama kuma tana nan garau kamar yadda suka bar ta.

"Ta bayanmu ya zagayo. Bappa bai iya iyo ba. Na ce ya riƙe wuyana. Ni da nike ƙetare wanga gulbi da dami a ka, na ce wannan ɗan tsakanin mi ne? Amma shi wancan ruwan ba gehe guda yake tahiya ba. Ya tura ka gaba, ya jawo ka baya. Bappa ya maida rigarsa jikinsa don kunyar hita tsirara gaban mata. Rigar ta sha ruwa."

 Wani mutum a gaɓar can yana ta kiran a zo a ɗauke shi, Kawu bai ko waiga ba.

"Masunta sunka tsamo ni. Tsohuwar nan ce ta je ta kirawo su. Shi kuwa sai washegari anka gan shi. Daga baya na ji wai sau biyu ruwan ke janyewa shi dawo kullum, ko yaron goye a garin ya sani. Mu ne kawai ba mu sani ba."

Husna ta share ido da bakin hijabi. Na ɗauka za ta ce ta fasa, don na ga alamar haka a fuskarta. Sai ta gyara zama ta ce, "Baba, in tambaye ka?"

"Tambayi."

"Da tsohuwar nan Hausa ta yi muku, da kun koma?"

Ya dubi kwaltar da ke hannunsa. "Da mun koma."

"To ni ga ni gaban wanda ya gani da idonsa, kuma Hausa yake yi. Shekara hamsin kana riƙe da abin da ta so ta gaya muku. In ka yi shiru, ni ma sama zan duba."

Kawu ya dube ta, ya dube ni. "Ka ji ɗiyar nan? Bakin uwarta ta ɗauko." Ya jawo ƙafarsa ya tanƙwashe. "Wayar taki tana ɗaukar magana? Kunna. Ba ni son a ce an manta."

Ta kunna, ta ajiye a kan cikin jirgin.

Ya ce abu na farko, idan ta isa kada ta tambayi baƙo ɗan'uwanta komai game da ruwa, ta tambayi ɗan gari, ta tambayi lokacin da yake janyewa da lokacin da yake dawowa. Husna ta ce ta ji ana rubuta lokutan a allo a otal, kamar jadawalin salla. Ya ce, "Madalla. Ki karanta, sannan ki sake tambayar mutum. Allo ba ya kama hannun riga." Ya ce duk inda ta ga 'yan gari ba sa barin 'ya'yansu su shiga, kada ta shiga, komai kyawun wurin. Idan ta hau dutse ta duba jikinsa, in akwai gansakuka ko danshi sama da inda take tsaye, to gidan ruwa ne, aro ya ba ta. Kada ta taɓa bari ruwa ya shiga tsakaninta da tudu.

"Kuma wanga hijabi naki mai share ƙasa. In za ki taka ruwa, ki sa wanda bai wuce gwiwa ba, mara nauyi, da wando. Ki suturta jikinki, amma kada ki ɗauki abin da zai ja ki ƙasa. Takalmi kuma kada ki cire, akwai wata ƙaya mai rai a ƙarƙashin ruwan, baƙa, in ta shiga ƙahwa sai an yi mako ana ɗingishi."

"Sai maganar sauro, Baba?"

"Ke ce nas, ni zan koya miki gidan sauro? Amma rana, ita ki ji tsoronta. Iskar teku za ta ruɗe ki ki ce babu zahi, sai kin koma ɗaki ki ji kai na sarawa. Ki sha ruwa, na gora wanda ba a buɗe ba. Abin teku da ba ki san shi ba, ki ɗanɗana kaɗan ki jira gobe. Kada ku zauna gindin kwakwa, in ta faɗo ba ta sallama."

Na ce, "Kawu, ai kan Husna ya fi kwakwa tauri."

Ta ce, "Kai dai da ko Gusau sai ka yi amai a mota."

Ya ɗaga mana hannu. "Jirgi kuma. In za su kai ku yawo a ƙaramin jirgi, ki ƙirga kawuna kahin ki shiga. In kin ga ruwa ya kusa bakin jirgi tun ba a tashi ba, ki ce kin hwasa. Rigar nan mai hana nutsewa, ki sa, ki ɗaure, ko ana yi miki dariya. Ki gaya wa mutanen masaukinku inda za ku da lokacin dawowa. Takardunku ki ƙulle a leda. Shi kuma mijin naki, na ga yana da rawar kai in ya ga abin ɗauka hoto."

"Zan gaya masa."

"A'a, ki kunna masa ya ji da kunnensa." Ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar mai magana da kurma. "Malam Zaharaddini, amanar ɗiyata na hannunka. In an shiga jirgi, a zauna."

Sannan ya ɗora hannunsa, da sauran kwalta a yatsu, a kan hijabinta. "Allah shi kai ku lahiya, Auta, shi maido mini ku lahiya. Ki gano mini ko ruwan nan na nan da launinsa. Wallahi yana da kyau. Ban taɓa hwaɗa wa kowa ba, amma yana da kyau."

Kwana goma sha biyu bayan haka Husna ta aiko mini saƙo cewa gobe da hantsi za ta kira ta bidiyo, in je Faru. A bakin gulbi babu sabis, sai da na hau da Kawu kan tudun da ke bayan makaranta. Hoton ya daɗe yana tsinkewa kafin ya tsaya. Sai ga ta a cikin wani jirgin katako, zaune daram, ta ɗaure rigar nan mai ruwan lemo har wuya, bayanta ruwa shuɗi iya ganin ido.

"Baba! Mu takwas ne, na ƙirga! Mai jirgin ya ce sai bayan azahar ruwan zai dawo, kafin nan mun koma!"

Kawu ya riƙe wayar da hannu biyu, yana gyaɗa kai yana kallon ruwan. Can sai hoton ya karkata, aka ga Malam Zaharaddini ya miƙe a bayanta yana ɗaga hannu zai gaida surukinsa.

Muryar da Kawu ya saki, na tabbata har masu jiran fito a bakin gulbi sun ji ta.

"Zauna!"

Malam Zaharaddini ya zauna. Wani Bature da ke kusa da shi, wanda ya fara yunƙurin tashi, shi ma ya koma ya zauna.