Yadda Muka Fito da Goggo Daga Ɗakin Kwano

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da yayata. Saƙo ne ya iso mana Sakkwato cewa Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ke Shagari, ta kwanta, ko fura ba ta iya sha. Bazarar bana kuwa kowa ya shaida ta. Tun rana ba ta fito ba rigata ta manne mini a baya.

Mota ta yi wuya saboda ƙarancin mai. Da ƙyar muka sami a-kori-kura mai zuwa Bodinga, kuɗin mota ya kusa ninka na bara. Direba ya ce mu yi kuka da tsuke bakin aljihun gwamnati, ba da shi ba. Muka zauna kan buhunan gishiri, iska na dukan fuskarmu kamar daga bakin murhu.

Da hantsi muka sauka Bodinga, aka ce motar Shagari ta tafi neman mai. Wurin jiran a bakin kwalta yake, rumfunan kwano ne kawai, babu itace ko ɗaya. Masu albasa sun lulluɓe kayansu da buhu, su kuma sun zauna a rana. Ba a jima ba yayata ta fara ganin jiri. Wata mai fura ta ce mu biyo ta cikin gari. Ba mu yi nisa ba, don har muna jin ƙarar motoci, amma sai ka ce wani gari muka shiga. Lunguna matsattsu, katangun ƙasa sun jefa inuwa, ga wani ƙaton durumi a ƙofar masallaci, tsofaffi na tufkar igiya a gindinsa. Na cire takalmi na taka ƙasa, ba ta ƙone ni ba. Aka ba mu ruwan randa, muka sha fura da nono. Yayata ta ce in motar ta ga dama ta kai gobe.

Bayan azahar muka isa Shagari. Ɗan Goggo, wato taubashina, malamin gona ne. Bara ya gina gida a sabuwar unguwa ya ɗauko uwarsa daga tsohon gari, aka yi walima. Unguwar fili ce da katafila ta share, ba a bar ko ƙaya ba. Gidan bulo da kwano, fenti fes. Silin ne bai samu ba, don albashi ya daina zuwa kan kari. Ga fanka a rataye tana jiran lantarki, turakun da aka kafa a waje kuwa ko waya babu.

Na shiga ɗakin Goggo, zafi ya tare ni tun daga ƙofa. Tana kwance kan gadon ƙarfe, leɓɓanta sun bushe, da ƙyar ta gane mu. Matar gidan ta gaya mana malamin asibiti ya zo, ya ce ba wata cuta ba ce, zafi ne, a yawaita ba ta ruwa, a kuma sauya mata wuri. Maigidan ne ya ƙi. Ya ce gari duka ya ga ranar da ya ɗauko ta, ba zai yarda a ce ya mayar da uwarsa ɗakin ƙasa ba.

Na gwada shi da wasan taubasai, na tambaye shi gida ya gina wa Goggo ko tanderu. Bai yi dariya ba. Sai na roƙe shi abu ɗaya, ya zauna kusa da gadonta zuwa la'asar, don shi wuni yake a ofis, bai san ɗakin da rana ba. Ya zauna. Ya cire hula, can ya cire babbar riga, gumi na ɗiga daga gemunsa. Goggo ta buɗe ido ta dube shi.

"Gidanka ya yi kyau, Allah shi yi maka albarka," in ji ta. "Amma ka maishe ni inda iska ka shiga. In damana ta faɗi sai in dawo."

Ya tashi ya fita, ya dawo da amalanken shanu.

Da rana ta yi sanyi muka kai ta tsohon gari, wajen fadama. Soronta na nan, tsamiya ta rufe rabin tsakar gida. Maƙwabta suka share, suka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa mata tabarma. Ba zan ce unguwar ba ta da aibi ba: sauro ya ci mu, kwata na wari, bangon yana neman yaɓe kafin ruwa ya sauka. Amma da safe Goggo ta tashi zaune ta shanye kunu, har ta yi wa yayata faɗa wai tsamiyar kunun ta yi kaɗan. Taubashina ma a can muka same shi, yana barci a zaure, tabarmar da ya ɗauko daga sabon gidan a ƙarƙashinsa.

Washegari muka juyo, Goggo ta rako mu har ƙofa da sandarta. Da muka shigo Sakkwato na riƙa duban unguwanni ta gefen mota. Gidajen manyan ma'aikata sun nutse cikin dogonyaro, layukan bakin kasuwa kuwa kwano da kwalta sai ƙyalli suke. Da can in rediyo ya faɗi zafin gari, na ɗauka kowa haka yake jin sa. Yanzu na san akwai wanda itace da katanga suka rage masa, akwai wanda rufinsa ya ƙara masa, kuma tsoho ne ke fara faɗuwa.

Ina shiga gida maiɗakina ta miƙo ruwa, ta tambaye ni jikin Goggo, na ce da sauƙi. Ta ce, to yaya zafin Shagari? Na ce sai ta fara gaya mini unguwar da take nufi.