Faɗan amarya a kan faifai

Kome zan manta na shekarun da na yi ina riƙe da shagon kwamfuta a Bodinga, ban da ranar da wani tsoho manomin albasa ya kwance bakin rawaninsa ya ciro memorin waya ya ɗora mini a tafin hannu.

Lokacin aikina buga takardu ne da kwafa wa mutane wa'azi da waƙoƙi a faifan sidi. Kwamfutata 'yar gwanjo ce, ta ga jiya ta ga yau, kuma a 'yan makonnin ɗan aljihunta da ake sa faifai ya koyi nawa. Abin da take kwafewa kafin ka shanye kofin shayi sai ya koma cin rabin yini. Ni kuwa a lokacin ba ni da haƙuri ko na anini, kullum cikin zaginta nake.

Bayan azahar tsohon ya shigo, rigarsa na ƙanshin albasa. Daga Mandera yake. Muka gaisa, ya zauna a benci, sannan ya ce, "Ɗana, muryar tsohuwata ta cikin abin ga. Tun bara Allah yak karɓi abinai."

A hankali na fahimci zancen. Matarsa ce ta raini jikarsu tun tana jaririya, bayan rasuwar uwar. Da ciwo ya tsananta ta ga ba za ta kai bikin yarinyar ba, sai ta sa maƙwabciya ta ɗauki muryarta a waya, ta yi wa amarya faɗan da uwa kan yi kafin a fita da ita. Wayar ta faɗa ruwa a fadama, memorin kaɗai ya tsira. Kuma yau ɗin nan, kafin magariba, za a kai amarya ɗakinta a Shagari. Abin sauraren da ke gidan tsohuwar rediyo ce mai cin faifai. Ya riga ya je Sakkwato an kwafa masa nan take, ya koma gida rediyo ta ƙi karantawa.

Na ce, "Baba, bari in kunna mu ji ko muryar na nan lafiya."

Ya ɗaga hannu. "A'a. Ba ni anka yi wa ba. Ranar ma kora ta tay yi, ta ce maganar mata ta."

Na sa abin ji a kunne, na ji sallamar wata murya mai rawa, na kashe. Na sa faifai, na zaɓi gudu mafi sauri, na danna. Sai kwamfuta ta fara halinta. Layin da ke nuna ci gaban aiki ya tsaya cik, faifai na ta gurnani a ciki. Na rufe duk sauran abubuwan da ke buɗe. Na kashe ta na kunna. Na kwance murfin na cire igiyar da ke bayan aljihun na sake cusawa da kyau. Na samu auduga na goge ɗan idon da ke karanta faifai. Har janareta na leƙa ko wutar ce ba ta da ƙarfi. Na sake dannawa da saurin dai, ta ɗan zabura, sai ta tofo faifan ya lalace. Na canza wani daga kwalin masu araha, shi ma ya bi ɗan'uwansa.

Gumi ya wanke ni. An fara kiran la'asar. Na kai wa teburin duka, na ce, "Wallahi gobe gwangwan zan sayar da ke."

Tsohon ya yi dariya, karo na farko tun shigowarsa. "Mi tay yi maka, ɗana? Tsuhwa ta tay yi. Ni ma in ka ce in yi gudu hwaɗuwa za ni yi. Rediyon gidanmu ma tsararta ta."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, tausayin kwamfutar kawai yake ji. Amma maganar rediyon ta tuna mini abin da na sani na ajiye: tsofaffin rediyoyi ba sa son faifan da aka kwafa da gudu, wanda aka bi a sannu suke iya karantawa. Watau na yi ta fama ne in ba shi irin abin da aka ba shi a Sakkwato. Na ɗauko faifai mai kyau da nake ɓoyo, na zaɓi gudu mafi ƙanƙanta, na danna, muka fita salla muka bar ta.

Da muka dawo ba ta kai rabi ba. Ni hankalina na kan rana, shi kuwa ya miƙe ƙafa yana ba ni labarin jikar. Wai tun tana rarrafe yake kiranta amaryarsa, ga shi yau wani yaron Shagari ya yi masa ƙwace. Ya ce tsohuwar ba ta taɓa barinsa ya ci tuwo shi kaɗai ba, ko ta ƙoshi sai ta zauna tana tsokanarsa har ya gama. Da ta rasu, jikar ta gaje ta a zaman. Da na tuna daga gobe shi kaɗai zai ci, sai tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Da aljihun ya turo faifai lafiya, rana ta yi ja. Jiran mota ta cika a tasha ɓata lokaci ne, sai na kulle shago na goya shi a babur. Mun isa motar ɗaukar amarya na ƙofar gida, mata na ta guɗa a ciki. Ya miƙa wa wata dattijuwa faifan, mu muka tsaya a zaure. Har lokacin ba ni da tabbacin rediyon za ta karɓa.

Guɗa ta tsaya. Sai ga sallamar nan mai rawa ta cika tsakar gida.

Ba duka muke ji ba, sai tsinci-tsinci. Haƙuri, riƙon salla, girmama surukai. Na ji ta ce, "Kak ki yi kuka da yawa, kin san hancinki kumbura shikai," mata suka yi dariya cikin kuka. Tsohon ya jingina da bango, kansa a ƙasa, wai shi ba saurare yake ba. Can kusa da ƙarshe muryar ta ɗaga, tar muke jin ta.

"Ki dinga leƙo tsohon ga, ba shi iya cin tuwo shi ɗai. Kai kuma da ka laɓe cikin zaure, na san kana ji. Na yahe maka, ka yahe min."

Ya zame ya zauna a ƙasa, ya ja bakin rawani ya rufe fuska. Na ji yana cewa, "Na yahe, na yahe." Ni da ban taɓa ganin matar nan ba, sai da na fita waje na share hawaye.

Kwamfutar ban sayar da ita ba, tare muka ƙarasa har aka daina yayin faifai. Abin da ranar ta koya mini shi ne, ba kowace nawa ce lalacewa ba. Da ta biye wa gaggawata, da an fita da yarinyar nan ba ta ji kakarta ba, shi kuma tsohon bai ji yafiyarsa ba. Shi ya sa yanzu in mahaifiyata ta fara labari tana ja, tana maimaita abin da ta faɗa jiya, nakan kife wayata in gyara zama har ta kai ƙarshe.