Sista Zauna-Tukuna da Dantsen Mai Walda

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ɗaki na uku a asibitin unguwa, wanda ke tsakanin ɗakin kati da tagar karɓar magani. Takan fara da buɗe tagogi, sannan ta goge tebur, ta jera kujeru huɗu a jikin bango, ta duba batirin na'urar awon hawan jini. Kafin mai shara ya iso barandarta ta riga ta fito da katunan waɗanda za su zo ranar, ta jera su bisa lokacin da aka ba kowa. Shekararta talatin da ɗaya tana aikin jinya, goma sha biyu daga ciki a wannan ɗakin. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya.

Sunanta yana rubuce a katin da ke rataye a wuyanta, amma babu mai karanta shi. Sista Zauna-Tukuna ake ce mata. Dalili kuwa, ba ta auna kowa sai ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, ba waya ba hira. Wani direba ya taɓa ce mata, “Sista, a taimaka, na bar mota a bakin titi.” Ba ta ko ɗago kai daga rubutun da take yi ba ta ce, “Motar za a auna ko kai?” Ya zauna.

Shekara biyar da suka wuce aka turo wani likitan iyali asibitin, matashi mai yawan tambaya. Abin da ya dame shi shi ne, mutane suna karɓar maganin hawan jini wata bayan wata, amma jinin ba ya sauka. Sai ya tsara bincike. Za a raba masu ciwon gida biyu. Rukuni na farko za a ci gaba da duba su yadda aka saba. Na biyu kuwa kowa zai zo da mutum ɗaya daga gidansa, mata ko miji ko ɗa ko ƙanwa, a koya masa lokutan shan magani da alamomin da zai riƙa lura da su. Bayan shekara uku a ga wane rukuni ne jininsa ya fi sauka.

Tambayar ta likita ce, amma aikin a hannun Sista ya faɗo. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ta shigar, kowanne sai da ta karanta masa takardar amincewa tun daga farko har ƙarshe. Mai ba da magani, wanda tagarsa ke kallon ƙofarta, ya ce ya ga ranar da wata tsohuwa ta miƙo babban yatsa tana cewa a kawo ta dangwala, ai likita ba zai cuce ta ba. Sista ta janye takardar ta ce, “Mama, faɗa mini abin da na karanta miki tukuna. In kin ce ba kya so ma, maganinki na nan yadda yake.” Sai da suka shafe rabin awa. Ita ce mai buga waya idan mutum bai zo ba, ita ce mai auna kaurin dantsen kowa da tef ranar shigarsa, ita ce mai cika fom duk wata. Irin wannan aiki ba a sa sunan mai shi a saman takardar bincike, kuma ta san da haka.

Abin da ya sa aka ga ya dace a jinjina mata a nan kuwa, kuskure ne da ta yi.

Na'urar awon hawan jini tana da ɗamarar da ake naɗawa a dantse a hura mata iska. Iri uku ce: ƙarama, matsakaiciya da babba. Wata uku da shiga shekara ta uku babbar ta fashe. Sista ta rubuta takardar neman wata, mai kula da sito ya ce mako mai zuwa. Makon bai zo ba har wata bakwai. A tsawon wannan lokaci, duk mai kaurin dantse da matsakaiciyar take auna shi, ta ja ta da ƙarfi har ta kama. Tun tana makaranta aka koya mata cewa ɗamarar da ta yi wa hannu kaɗan tana nuna jini ya hau fiye da yadda yake. Ta ce wa kanta bambancin ba zai wuce lamba biyu ko uku ba. Ga layi har baranda, ga fom na jira.

Cikin waɗanda ke rukuni na biyu akwai wani mai walda, ƙaton mutum, dantsensa kamar cinyar wani. Matarsa ce abokiyar zuwansa. A watannin nan awonsa ya ƙi sauka, har likita ya ƙara masa magani sau biyu. Wata Talata suka shigo, yana gaba tana biye da jakar magunguna.

“Sista, yau kam sai na faɗa,” in ji matar tun kafin ta zauna. “Tunda aka ƙara masa ƙwayar nan, in ya miƙe sai ya dafa bango. Jiya yana kan tsani yana haɗa ƙarfen rumfa jiri ya ɗebe shi. Ba don abokin aikinsa na ƙasa ba, da yanzu wani zancen ake yi.”

“Ke dai kin cika faɗin abin da ba a tambaye ki ba,” in ji shi. “Rana ce kawai ta buge ni.”

“Baban yara, a takarda aka sa ni in riƙa faɗa. Har da sa hannuna. Ko ba haka ba, Sista?”

“Haka ne. Miƙo hannun, maigida.”

Ta naɗa ɗamarar, ta danna na'ura. Iska ta fara shiga, sai bakin ɗamarar ya ɓalle. Ta sake ja, ta danne da tafin hannu har awon ya kammala: ɗari da arba'in da shida. Ta tsaya tana kallon hannunta a kan ɗamarar. Mutumin da jininsa ya kai haka bai kamata jiri ya riƙa ɗibarsa in ya miƙe ba. Ta ce su jira, ta tafi ɗakin haihuwa ta aro babbar ɗamara. Hannu ɗaya, kujera ɗaya, minti biyar tsakani: ɗari da ashirin da huɗu. Ta sa shi ya miƙe tsaye ta sake aunawa, ya faɗo ɗari da uku.

Nan take ta kai shi wurin likita, aka rage masa magani, aka ce ya bar hawa tsani na mako biyu. Wannan shi ne mai sauƙin.

Saura mako shida a rufe binciken. Likita ya riga ya rubuta fiye da rabin rahotonsa, an kuma ba shi gurbin gabatar da shi a taron likitoci. Da la'asar, bayan an watse, Sista ta jawo akwatunan kati ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana duba kaurin dantsen da ita da kanta ta rubuta. Mutum sittin da uku ne ya kamata a ce da babbar ɗamara aka auna su. A fom ɗin binciken babu gurbin rubuta irin ɗamarar da aka yi amfani da ita. In ta yi shiru, ta ci gaba da aro ta ɗakin haihuwa, babu wanda zai taɓa ganowa. In ta yi magana, aikin shekara uku na iya rushewa, kuma da sunanta.

Ta iso gida ta tarar da maigidanta a tsakar gida ya kwance fanka yana wanke fukafukanta. Ta zauna a kan kujera ko takalmi ba ta cire ba.

“Yau kuma Sista ce a layin marasa lafiya?” ya ce. “A kawo kati?”

Ta kwashe labarin ta faɗa masa. Ya saurara yana goge hannu da tsumma.

“Wa ya sani?”

“Ni kaɗai.”

“To ai an sani ke nan,” in ji shi, ya koma kan fankarsa.

Washegari, kafin a fara ganin marasa lafiya, ta ajiye wa likita takarda mai ɗauke da lambobin kati sittin da uku, da ranar da ɗamarar ta fashe. Ya karanta sau biyu.

“Mama Sista, kin san abin da takardar nan take nufi?”

“Ni na rubuta ta, likita.”

“Wata bakwai! Me ya hana ki faɗa mini tun ranar?”

“Na raina abin ne. Ba ni da wata hujja da ta wuce wannan.”

Ya tashi ya tsaya a bakin taga. Can ya ce akwai hanyar da masana lissafi ke bi su gyara irin wannan, a rage wani adadi daga awon kowa, rahoto ya fita a kan lokaci.

“Rahoton naka ne, ka fi ni sanin yadda ake gyara shi,” ta ce. “Amma lissafi ba zai gaya mana wanda ke shan maganin da ya fi ƙarfinsa ba. Akwai direbobi a cikinsu, akwai mai goyo. A kira su, ɗana.”

Likitan da bakinsa ya faɗa cewa kwana biyu ya yi bai gaishe ta ba. A rana ta uku ya rubuta wa kwamitin da ke sa ido kan binciken, ya janye sunansa daga taron. Cikin kwana tara Sista ta nemo mutum sittin da uku. Wanda wayarsa ba ta shiga ta bi shi shago, wanda ya tashi daga unguwa ta bi ta hannun 'yan uwansa. Kowa ta gaya masa abu ɗaya: an yi kuskure a awonka, ni na yi shi, zo a sake. Mutum goma sha tara aka rage wa magani.

Hukumar asibiti ta ba ta takardar neman bahasi. Ta amsa a layi biyar, ba ta ambaci mai kula da sito ba, duk da kwafin takardar da ta rubuta masa na nan a aljihun teburinta. Da mai ba da magani ya tambaye ta dalili, cewa ta yi, “Shi ɗamara ya hana ni. Baki kuma ai yana wurina.” Aka rubuta mata gargaɗi, shi ne guda ɗaya tal a fayil ɗinta na shekara talatin da ɗaya.

An ƙara wa binciken shekara guda. Da sakamako ya fito, bambancin da ke tsakanin rukunan biyu bai kai wanda likita ya fara gani ba, amma yana nan daram: waɗanda ke zuwa da ɗan gida jininsu ya fi sauka. A cikin rahoton akwai sakin layi guda da ya bayyana kuskuren ɗamarar da yadda aka gyara shi. Likitan ya ce wasiƙun da ya samu a kan wannan sakin layin sun fi waɗanda ya samu a kan sakamakon kansa. Wasu asibitoci biyu sun ƙara gurbin girman ɗamara a fom ɗinsu. Sunan Sista yana can ƙasa, a layin godiya, da ƙananan haruffa.

Ke ce kika ga abin da babu wanda zai gani, kika ɗauke shi da hannunki kika kai inda za a hukunta ki. Ke ce kika tsaya gaban mutum sittin da uku kika ce ni na yi, alhali da kin ce na'ura ce ta samu matsala da kowa ya yarda. Uwar ɗaki na uku, ba a yaba miki don ba kya kuskure. Duk wanda ya yi shekara talatin yana taɓa jikin mutane ya yi nasa. Abin da kika yi da naki ne ba kowa ke iyawa ba.

Mai waldan yana nan yana aikinsa, ƙwaya ɗaya yake sha da safe. Har yanzu tare suke zuwa da matarsa, har yanzu kuma ita ke amsa tambayoyin da aka yi masa. Da suka ji labarin ritayar, matar ta ce, “Sista, yanzu wa zan riƙa kawo wa ƙararsa?” Sista ta ce duk wadda ta tarar a kujerar ta kai mata, kuma kada ta rage komai.

An tambaye ta abin da za ta yi in ta bar aiki. Ta ce jikokinta uku sun daɗe suna bin ta bashin ziyara, kuma tana so ta ga yadda gidanta yake da ƙarfe goma na safe a ranar aiki, don ba ta taɓa gani ba.

Mun gode, Sista. Allah ya ba da lafiya da hutu mai daɗi, ya saka da alheri. Ga sauran ma'aikata kuma, masu cika fom da masu riƙe tef da masu danna na'ura a ɗakunan da babu mai leƙawa: likita da abin da kuka rubuta yake yanke hukunci, mara lafiya kuma abin da likita ya yanke yake haɗiya. Duk wanda ya san da wani kuskure da shi kaɗai ya sani, ya yi koyi da ita, ya kai shi da ƙafarsa gobe da safe. Akwai wanda ke kan tsani.