Babbar Rigar da Ta Kusa Raba Ni da Gidana

A yau idan biyan kuɗin gida ya yi wa mutum nauyi, sai ya buga wa banki waya, ko ya ɗauki wani ya yi magana a madadinsa, ba tare da ya ga fuskar kowa ba. A Alƙahirar da na zauna a shekarun tamanin ba haka abin yake ba. Mai binka bashi yana da fuska, yana da kujera a ƙofar shagonsa, kuma ya san 'ya'yanka ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a Landan, na yi Khartum, na yi Jidda, amma a duk yawon nan akwai wata tafiya ta neman alfarma da ba ta taɓa fita daga raina ba, kuma ba na jin za ta fita.

A lokacin ina yi wa wani kamfanin 'yan kasuwarmu aikin fassara, daga gida ake aiko mini da albashi. Matata Bamisiriya ce, da sunanta muka sayi wani ɗan gida a bene a unguwar Madinatu Nasr, kusa da Hayyin Ashir, zamanin da in ka leƙa taga rairayi kawai za ka gani. Wanda ya gina benen shi ya sayar mana, wani dattijo mai shagon siminti da kowa ke ce wa Hajji. Kashi-kashi muke biya, takardar gidan tana hannunsa jingina, da sharaɗin in muka kasa, gida ya koma wurinsa. Ana nan sai fitar da kuɗi daga Najeriya ya yi wuya, albashi ya riƙa makara. Abin da nake bukata ɗaya ne: Hajji ya rage abin da nake ba shi duk wata, ya tsawaita wa'adin. Wa zai gaya masa, shi ne tambayar.

Na fara da lauya, don haka na ga ana yi a Landan. Wani ne a Giza, mai fara'a, ofishinsa cike da hayaƙin taba. Ya karanta yarjejeniyar yana murmushi.

"Ustaz, daga yau kada ka ba shi ko ƙirshi ɗaya na kuɗinka. Bar shi ya kai ƙara. Kafin alƙali ya yanke hukunci ɗanka ya yi aure a cikin gidan."

"In aka yanke fa?"

"Sai mu ɗaukaka. Jikanka ma ya samu ɗaki."

Na yi dariya, na yi godiya, na fito. Shagon Hajji yana kan hanyata ta zuwa tashar bas. Na kasa hango kaina ina wuce mutumin nan kullum da safe shekara da shekaru babu sallama.

Sai na koma ga abin da na tashi na tarar a gida. A wurinmu mai neman sassauci ba ya buɗe baki da kansa, babba yake nema ya shige masa gaba. Akwai wani dattijo Bakano a unguwar Zamalek da duk muke kira Baba, mutum mai kwarjini, Larabcinsa na littafi. Ya amsa nan take. Ya ce girmama mutum shi ne a je masa da shiga ta mutunci, don haka ranar tafiya ya fito cikin babbar riga mai aiki tun daga wuya har ciki, da rawani, da turaren da ke riga shi shiga wuri. Ni ma na ciro tawa ta Sallah. Wani abokinsa ya ara mana doguwar baƙar mota har da direba. Matata tana gidan mahaifiyarta ranar, da ta gan mu da labarin ya tsaya a nan.

Muka tarar da Hajji a ƙofar shago cikin jallabiyar da siminti ya cinye launinta. Ya miƙe da sauri, ya sa aka goge kujeru, aka kawo lemo mai sanyi. Na zauna na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata. Baba ya fara da hamdala, ya yabi Misira da mutanenta, ya yi bayanin falalar maƙwabtaka. Da ya iso kan maganar, sai ya ce al'amura sun ɗan yi wa ɗan nasa nauyi a 'yan kwanakin nan. Iyakar abin da bakin babba zai iya faɗa ke nan, a wurinmu kuma ya wadatar.

Hajji ya kai hannu ya shafa aikin rigar Baba, ya leƙa motar, ya fashe da dariya.

"Nauyi? Allah ya ɗora mana irin nauyinku, mutanen fetur. Tunda babban gida ya zo, ku biya sauran a dunƙule, khalas, shi ke nan. Akwai ma wani gidan a hawan sama, iska kamar bakin teku. Pasha, babban nan mai rawani, zai so shi."

A mota Baba ya gyara rawani ya ce, "Alhamdulillahi, ya karɓe mu da kyau. Irin wannan magana a hankali take nuna."

Da matata ta ji labarin, dariya ta yi har ta nemi kujera. Ta ce a garin nan mai kuɗi ɓoye kuɗinsa yake yi don tsoron ido da masu haraji, Hajjin da na gani cikin siminti benaye gare shi. Wanda ya zo da mota da turare kuwa, ciniki ya zo yi.

"Gobe ka hau bas, ka sa rigar da kake gyaran famfo da ita, ka gaya masa da bakinka."

"Bakina ba zai iya ba."

"Harsuna nawa kake ji, ya Ustaz? Zaɓi ɗaya."

Haka na yi. Na zauna a kan buhun siminti na ce, "Hajji, ba ni da shi. Albashina ya maƙale a gida. Ina tsoron rasa gidan nan."

Hajji ya tafa hannu ya fara faɗa, har masu dako suka tsaya. Ya ce me ya sa na kawo masa sarki? Shi da ni ya yi ciniki ko da rawani? Ya ce jiya da muka tafi har ya fara tunanin rainin wayo nake shirya masa. Da faɗan ya ƙare ya ce, "Ma'alish, ya ibni," wato ba komai, ɗana, ya sa aka kawo shayi. Muka yi ta ja, shi yana rantsuwa zan talauta shi, ni ina rantsuwa zai kashe ni, har muka tsaya a kan abin da zan iya.

Na miƙa hannu na ce magana ta ƙare. Ya ƙi karɓa.

"Je ka kawo lauya ya rubuta. Ni mai mutuwa ne, 'ya'yana kuma ba su sha shayi da kai ba."

Lauyan Giza shi ya rubuta, yana ƙorafin na hana shi shari'a mai daɗi. Baba kuwa har ya bar duniya yana gaya wa mutane cewa zuwansa ne ya tausasa zuciyar Hajji, ban kuma taɓa musa masa ba. Da Hajji ya rasu, 'ya'yansa suka karanta rubutun, suka ci gaba da karɓa a kan yadda muka tsaya, har ranar da suka miƙa wa matata takardar gidan.

Abin da na koya ke nan: rubutu a ba wa wanda ya iya, amma "ba ni da shi" babu wanda zai faɗa maka ita a yarda sai kai. Tun daga ranar ban ƙara tura kowa ya roƙa mini sassauci ba, babbar riga kuma ta koma ta Sallah da ɗaurin aure.