Buzun Babana a Ƙofar Gandun Daji

Litinin: Lafiya zuwa Wukari

Ƙarfe biyar da kwata na asuba, ina sallame salla mai keke ya yi hon a ƙofar gida. Malam, maigidana, ya ɗauko mini jaka har bakin titi, ƙanena Isiyaku da zai raka ni ya riga ya zauna kusa da direba yana hamma. Wajen ɗana Abba za mu. Sunan babana gare shi, shi ya sa bakina bai taɓa kama sunansa ba. Wata bakwai ke nan da aka ɗauke shi aikin gadin daji a wani babban gandun namun dawa na gwamnati, can cikin duwatsun Taraba, kuma yana cikin shekarar gwaji, ba a tabbatar masa da aikin ba tukuna.

Saƙo ne ya tashe ni. Babana ya rasu bara a Assakio. Maharbi ne a ƙuruciyarsa, kafin ya koma noman doya. Cikin abin da ya bari har da buzun salla na fatar gwanki, wato wannan naman dawa mai girman doki da ƙaho lanƙwashe baya. Ni dai tun da na yi wayo a kansa nake ganin Baba yana salla. Inna, mahaifiyata, ta naɗe shi cikin zane ta ce, "Na takwaransa ne. Hannu da hannu za ki ba shi, ban yarda a ba direba ba."

Motar Shendam ta cika ƙarfe bakwai saura ashirin. Damina ta ɗauke ke nan, gonakin shinkafa sun yi jawur hagu da dama. Da muka ratsa Assakio na kau da kai, don na san Inna na nan zaune a ƙofar ɗakinta tana lissafin inda na kai. Shinge huɗu na ƙirga kafin Shendam. A na uku wani soja ya nuna ƙunshin da ke kan cinyata.

"Mama, mene ne a ciki?"

"Abin salla ne, ɗana."

"To ki sa mu a addu'a. Direba, wuce."

Mun sauka Shendam tara da rabi, muka ci doya da ƙwai, muka sake mota. Sha biyu da rabi muna bakin kogin Binuwai, ga garin Ibi can tsallake kamar an zana shi. Na sha ƙetare kogin nan ta gadar Makurɗi, amma ban taɓa zama a kansa ba. Da kwalekwalen ya raba tsakiya sai na ga ba kowa a duniya sai ruwa da sama da mu. Na kama tasbihi. Isiyaku kuwa ya rungume bencin da hannu biyu, mai kwalekwale ya ce, "Alhaji, sake shi, ba zai gudu ba."

A Ibi na sayi bandar kifi ta dubu uku don Abba. La'asar ta yi mana a Wukari, muka kwana gidan wata ƙawar Inna da aure ya kai can. Sakwara ta daka mana da miyar agushi.

Talata: Wukari zuwa ƙofar gandu

Shida da rabi muka tashi. Muka ratsa garuruwan Mutum Biyu, Garba Chede da Bali. Daga Bali ƙasa ta fara tashi, duwatsu suka fito shuɗi-shuɗi, wani bayan wani, gajimare na kwance a wuyansu. Uku saura kwata mota ta ajiye mu, babur biyu suka ƙarasa da mu ƙofar gandu.

Mace na tarar a ƙofar, sanye da koren kaki da manyan takalma. Kofur Rifkatu sunanta. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce dokar wurin sai an buɗe kayan kowa, shiga da fita. Kifi ya wuce, garin rogo ya wuce, yaji ya wuce. Da ta kwance zanen Inna sai hannunta ya tsaya.

"Mama, wannan na waye?"

Ni kuma da alfaharina na ce, "Na Abba ne, ma'aikacinku. Kayansa ne na kawo masa."

Ta dube ni kamar za ta ce in mayar da maganar ciki. Amma abokin aikinta da ke gefe ya ji, littafi kuma a buɗe yake. Ta rubuta, sannan ta yi magana a oba-oba.

Ba a jima ba sai ga Abba a guje. Ya yi baƙi, ya rame, kafaɗunsa sun buɗe. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana ɗagowa ya ga buzun a kan tebur.

"Mama," ya ce a hankali, "fatar gwanki kika kawo mini nan?"

"Na kakanka ne!"

"Na sani. Ni ma a kansa na koyi tahiya."

Rifkatu ce ta fahimtar da ni. Gwanki na cikin dabbobin da doka ta hana a taɓa. Ma'aikacin da aka samu da fata ko ƙaho ko nama, kora ce, wani lokaci har da kotu, wanda ke shekarar gwaji kuwa ko sauraronsa ba a cika yi ba. Ga shi da bakina na ce nasa ne. Shugabansu, Oga Bulus, yana sintiri cikin daji, sai gobe da azahar zai fito. Kafin nan Abba ba zai fita aiki ba. A gabana ya miƙa bindigarsa, shi da kansa ya rubuta takardar kama kayan, ya sa hannu. Bai tsallake layi ko ɗaya ba.

Isiyaku ya matso yana murmushi, "Haba 'yar'uwa, ba yadda za a yi a gyara?"

"Kawu!" in ji Abba. Isiyaku ya ja da baya.

Aka ba mu ɗaki a masaukin baƙi. Yaron da ya yi shekara uku yana karatun gandun daji, ya yi shekara biyu yana jiran a kira shi, ni uwarsa na ƙetare kogi don in raba shi da aikinsa. Tuwon da aka kawo ban iya ci ba.

Laraba: cikin gandu

Bayan asuba Rifkatu ta ƙwanƙwasa ƙofa. "Mama, mota za ta kai wa masu sintiri abinci. Taho, zaman ɗaki ba zai jawo azahar ba." Aka yarda Abba ya bi mu a matsayin ɗan rakiya, ba kaki.

Shida da minti goma muka shiga. Jama'a, ban san akwai sauran daji irin wannan ba. Mu a Lafiya buhunan gawayi muke gani jere a bakin hanya, ban taɓa tambayar kaina yaya itacen yake kafin ya zama haka ba. A nan na ga maɗaci da mutum huɗu ba za su rungume shi ba. Rafi na gudu a kan duwatsu, garau, kana hango kifi. Birai farare da baƙi, masu gashi kamar sun yafa mayafi, suna tsalle a sama ba sa ko kallonmu.

Abba na yi mini bayani, ina jin damuwar na sauka daga muryarsa. Wata shida suka yi ana horar da su: fareti, iyo, karatun taswira, ɗaurin karaya. Aikin kashi-kashi ne. Akwai masu sintiri, su yi kwana goma a daji da gari da ƙuli-ƙuli a jaka. Akwai masu ɗaura kyamara a jikin itace don a san abin da ya wuce. Akwai masu renon dashe, da masu raka baƙi, da masu zaga ƙauyuka su zauna da makiyaya da manoma. Ya tsayar da direba, ya sauka, ya zaro wata waya daga cikin ciyawa, an yi mata zarge.

"Tarko ne. Jiya aka ɗana shi, dubi ciyawar ba ta bushe ba."

"Yaya aka yi ka gani daga cikin mota?"

Rifkatu ta yi dariya. "Jikan maharbi ne fa, Mama. Oga ma ya ce idonsa ba na makaranta ba ne."

Takwas saura, a wani fili da aka ƙone ciyawarsa sabuwa ta tsiro, direba ya kashe mota ba wanda ya ce masa. Abba ya miƙo mini madubin hangen nesa. Da farko jan ƙasa kawai na gani. Sai jan ƙasar ya ɗaga kai.

Gwankaye ne. Fuska baƙi da fari kamar an yi musu kwalliya, kunnuwa dogaye, babban cikinsu ya tsaya a gaba yana kallonmu, huci na fita daga hancinsa. Launin nan na san shi. Shekara arba'in ina kakkaɓe shi, ina shanya shi, ina naɗe shi, ban taɓa tunanin yana numfashi ba. Na ƙirga goma sha ɗaya, da ƙanana biyu da ke tuntuɓe a ƙafafun iyayensu. Subhanallahi kawai nake maimaitawa, hawaye ya hana ni ganin sauran. Isiyaku da ba ya rabo da zance, hularsa ya cire ya riƙe.

Oga Bulus ya fito ƙarfe biyu da ashirin, dattijo gajere mai furfura, laka har gwiwa. Ko ruwa bai sha ba ya ce a kawo fatar. Ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya tsuguna, ya shinshina, ya murza gefenta, ya juya bayanta. Ya daɗe. Sannan ya kira ma'aikatan da ke wurin.

"Ku zo ku karanta mini wannan sawun. Kai, me ka gani a nan?"

"Gashi ya ƙare, Oga."

"Nan fa? Da nan?"

"Nan ma."

"Goshi ke nan. Tafin hannu biyu. Gwiwa biyu. Nan ƙasa yatsun ƙafa. Ni ba Musulmi ba ne, amma na san abin da ke cinye gashi haka. Mai wannan ya fi shekara talatin yana faɗuwa wuri ɗaya, sau biyar a rana. Lokacin da aka harbi dabbar nan ba a haifi yaron nan ba." Ya ɗauki littafi ya yi rubutu. "A mayar masa da bindigarsa."

Na yi hamdala, na zauna a kan benci. Amma bai gama ba.

"Mama, ɗanki ya fita. Fatar ce ba za ta zauna ɗakinsa ba. Gobe zai kama wani da irinta, mutumin ya ce ai kai ma kana da ita. Abin da muka kama ƙonawa muke yi. Wannan ba zan ƙone ba. Ko in ba ki takarda ki koma da ita, ko ki bar mana ita a ɗakin da muke koyar da sababbin ma'aikata. Ke za ki zaɓa."

Na dubi Abba. Ya sunkuyar da kai. Na ce, "An ce in ba shi hannu da hannu." Na naɗe buzun na sa a hannunsa. Ya riƙe shi a ƙirji ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa Oga Bulus da hannu biyu.

Alhamis da Juma'a: komawa

Bakwai na safe Abba ya rako mu ƙofa cikin kakinsa, jaka a baya, zai shiga sintirin kwana goma. Na dafa kansa na yi masa addu'a, na yi wa Rifkatu. Ta buɗe jakata ta duba kamar ba ta taɓa ganina ba, sannan ta rungume ni.

Muka sake kwana Wukari, muka ƙetare Ibi da hantsi. Tun daga Shendam nake juya abin da zan gaya wa Inna. Uku da rabi na ce wa direba ya sauke mu a Assakio.

Tana zaune tana ɓare gyaɗa. Na faɗa mata komai, ban rage ba, har inda buzun ya kwana. Na ɗauka faɗa ne zai biyo.

"Kika ce kin gan su? Da rai?"

"Da idona, Inna."

"Guda nawa?"

"Goma sha ɗaya, da ƙanana biyu."

"Da ƙanana," ta ce. Ta ture farantin gyaɗar gefe. "Wancan shi kaɗai babanki ya tarar a bakin rafi, ba garke. Bayan shi bai ƙara ganin ko sawu ba a dajin nan. Ya ce mini, Hajara, ina jin na ƙarshe na kashe. Ranar ya rataye bindiga. Har ya koma ga Allah yana neman gafarar abin nan, ko ke bai gaya wa ba." Ta goge ido da bakin zane. "Gobe ki raka ni maƙabarta, daga bakin katanga ma ya isa. Ki faɗi adadin da ƙarfi."

Na kwana wajenta, na raka ta, na faɗa. Asabar da azahar keke ya sauke ni a ƙofar gida, Malam na tsaye yana jira. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Isiyaku, da uwar masaukinmu ta Wukari, da Kofur Rifkatu da Oga Bulus. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa yaran nan da ke kwana a daji cikin addu'arsa.